Ta gan ta, amma ba ta gane ta ba

Duk wanda ya taɓa jona sikana da kwamfutar da ke aiki da Linux ya san saƙon nan mai ban haushi da ke cewa ba a samu wata sikana ba. Ga na'ura a gabanka, ga igiya ka soka, ga kwamfuta a kunne, amma ta ce maka babu komi. Yawancinmu a nan muke tsayawa. Sai ka ji an ce «ai Linux ba ya jin sikana», a tafi neman mai Windows, ko a zaro waya a ɗauki hoto a wuce wurin. Ni kuwa ina ganin wannan «ba ya ji» ɗin ita ke ɓad da mu, don ta zuba abubuwa uku mabambanta cikin buhu guda.

Ku ɗauka baƙo ne ya yi sallama a ƙofar gida, aka bar shi tsaye. Mai yiwuwa ba a ji sallamar ba sam. Mai yiwuwa an ji, amma babu mai jin harshensa a gidan. Mai yiwuwa kuma an ji, an fahimta, sai dai wanda ya ji yaro ne, ba shi da ikon cewa a shigo. Daga waje duk shiru ɗaya ne, amma maganin kowane daban. Haka sikana take da kwamfuta, kuma ni ukun duka na ci karo da su cikin mako guda.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don kada a ce neman wahala ce. Ƙanen kakana malami ne a Birni, kuma a zaurensa akwai gafaka uku cike da takardun da ya gada daga mahaifinsa. Mafi yawansu Larabci ne, fiƙihu da nahawu da addu'o'i, amma a tsakaninsu akwai waƙoƙin wa'azi da wasiƙu cikin ajami, akwai kuma fassarar Hausa da almajiran da suka shuɗe suka riƙa cusawa tsakanin layuka da ƙananan baƙaƙe. Ga mai karatun kimiyyar harshe wannan taska ce. Damagaram ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno kafin ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun, kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima duk daga can suka zo wa Hausawa. Yadda mutanen garin nan suke furta Hausarsu kafin Faransawa su shigo a 1899, kafin boko da rediyo su fara daidaita mana baki, babu faifan da ya ɗauke shi. Abin da ya rage mana shi ne yadda suka rubuta, domin mai rubutun ajami abin da bakinsa ke faɗi shi yake rubutawa, ba shi da wata hukumar ƙa'idar rubutu a kansa.

Na daɗe da sanin takardun suna nan. Abin da ya sa na daina cewa «wata rana» shi ne damanar 2024. A watan Satumba na shekarar ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19. Idan ginin da duk gari ke kallo zai zube haka, to zauren Malam fa, da azararsa ta riga ta fara lanƙwasa? Ga gara kuma, wadda ba ta jiran damana.

Malam ya yarda a ɗauki hoton takardun, da sharaɗi biyu. Ba za su fita daga zaure ba ko da taki ɗaya, kuma aikin daga bayan la'asar ne zuwa kiran magariba, lokacin da yake zaune yana kallo. Na ce, «Allah gafarta Malam, ai in kai su shagon fotokofi minti talatin an gama.» Ya ce, «Kai jikan nan, takardar da ta shekara ɗari ba ta je kasuwa ba, ba a hannunka za ta fara zuwa ba.» Shi ke nan magana ta ƙare. Na'ura ce za ta zo wurin takarda.

Wani zai ce mi ya hana waya. Na gwada, kuma ga abin da na gani. A rubutunmu na nan, irin na masu karatun Warshu, baƙin fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, baƙin ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Wasalin «e» kuwa ɗigo ne guda a ƙarƙashin baƙi. Wato bambancin kalma da kalma yakan rataya a kan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, a takardar da kashin ƙuda da hujin ƙwaro suka riga suka yi wa nasu ɗigogin. Hoton waya a zaure mai duhu, hannu na rawa, inuwar kanka ta faɗo a shafi, sannan ka tura ta WhatsApp ya matse shi, wallahi ba za ka iya rantsuwa a kan ɗigo ko ɗaya ba. Wanda zai gina hujjar tsarin sauti a kan irin wannan hoto yana gini ne a kan rairayi.

Don haka na sayi sikana ta hannu, jika 15, irin falalen nan mara kauri, Canon LiDE 110. Dalili biyu suka sa na zaɓe ta. Na farko, ba ta da igiyar wuta tata, daga kafar USB take shan abin da take buƙata, wanda bai wuce wat biyu da rabi ba. Ko kuran ya tafi, muddin batirin kwamfuta na da rai, aiki na tafiya. Na biyu, rauninta bai shafe ni ba. Irin idon da ke cikinta ba ya gani da kyau sai abin da ya kwanta daf da gilashi, shi ya sa idan ka ɗora mata littafi mai kauri tsakiyarsa ke fitowa dishi-dishi. Amma littattafan malamanmu ba a ɗinke su ba, warwara ne, kowace takarda ita kaɗai take kwanciya. Kamar don su aka ƙera ta.

Kwamfutata kuwa tsohuwa ce, wani ɗan ajinmu ya saka mata wani nau'in Linux mara nauyi don ta daina numfarfashi. To, ran farko na jona, shiru.

Abin da ya kamata mutum ya fara yi shi ne ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta lsusb. Wannan umarni bai san sikana ba, bai san firinta ba. Aikinsa kawai ya lissafa duk abin da ya yi sallama a kafofin USB. Kowace na'ura idan aka jona ta takan faɗi lambobi biyu, ta kamfanin da ya yi ta da ta samfurinta. Canon 04a9 ne, Epson 04b8, HP 03f0, Brother 04f9. Ka rubuta umarnin kafin ka jona, ka sake rubutawa bayan ka jona. Idan ba a samu ƙarin layi ba, kada ka ɓata megarka wajen sauke komi, matsalar ba ta kai ga manhaja ba tukuna. Ni ban samu ƙarin layi ba. Igiyar da aka haɗo ni da ita ta caji ce kawai. Igiyar USB ta ainihi wayoyi huɗu ne a cikinta, biyu na wuta, biyu na saƙo, amma kasuwanninmu cike suke da masu biyu kacal, kuma daga waje ba ka bambance su. Sikana ta samu wuta, amma ba ta da hanyar yin magana. Na aro igiyar wata tsohuwar kyamara, mai ƙaramin kai irin nata, sai ga layi ya fito: 04a9:1909. An ji sallama.

Amma yinin ranar ya riga ya tafi, Malam ya mayar da gafakarsa ƙarƙashin buzu yana murmushi.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi burge ni, kuma a nan zan ɗan daɗe. Jin sallama ba jin harshe ba ne. A duniyar Unix, wato Linux da FreeBSD da danginsu, abin da ke magana da sikana wani tsari ne da ake kira SANE, wanda aka fara tun 1996. Masu shi sun raba aikin gida biyu. Akwai manhajar da kai kake gani, mai maɓallin «ɗauka», irin su XSane ko Simple Scan. Akwai kuma tafintoci a baya, kowane da harshen na'urorin da ya iya. Manhajar gaba ba ta san komi game da sikanarka ba, da tafinta take magana, shi kuma ya juya. In babu tafintan da ya iya harshen, duk kyawun manhajar banza ne.

Abin da ya kama hankalina shi ne yadda aka raba tafintocin. Ba koyaushe ake binsu da sunan kamfanin da ke rubuce a murfi ba. Tafintan tawa sunansa genesys, daga sunan Genesys Logic, kamfanin Taiwan da ya ƙera ɗan guntun ƙwaƙwalwar da ke cikinta. Shi wannan tafinta guda yana magana da wasu na'urorin Canon, da wasu na HP, da na wasu kamfanonin, saboda cikinsu ɗaya. Ita kuwa LiDE 25, wadda ta fito daga gida ɗaya da tawa, plustek ne tafintanta, LiDE 300 kuma pixma. Sunan murfi kamar sunan gari ne a katin ɗan ƙasa, ba shi ke gaya maka harshen da mutum ke yi da uwarsa ba. Duk wanda ya zauna ajin rabe-raben harsuna ya san wannan darasi: ba a haɗa dangi da maƙwabtaka ko da kamannin suna, sai da abin da ke cikin ƙashin harshe. Hausa ta fi kusa da Bade da Ngizim da Bole ta fuskar asali, ko da yake Barebari da Buzaye da Fulani muke kwana muke tashi da su.

Kuma da yawa daga tafintocin nan ƴan sa-kai ne suka rubuta su, ba tare da an miƙa musu littafin nahawun na'urar ba. Sukan jona ta da kwamfutar da ta riga ta iya harshenta, su saurari abin da ke wucewa cikin igiya, su canza abu ɗaya su ga mi ya canza a saƙon, su sake. Ashe ba wannan ne ake koya mana a darasin binciken fili ba? Ka ce wa mai harshe ya faɗi «na tafi», ya faɗi «ka tafi», ka cire abin da bai canza ba, abin da ya rage shi ne wakilin suna. Ban taɓa zaton zan ga hanyar aikinmu cikin igiyar USB ba.

A aikace dai abin ba shi da tsawo. Nau'in Linux ɗin da ke kwamfutata an rage masa kaya don ya yi sauƙi, SANE ba ya ciki. A dangin Debian, ƙunshin sane-utils ake saukewa, shi zai jawo sauran. Na kunna intanet ɗin waya na sauke. Daga nan umarni biyu ne, kuma kada a rikita su. Na farko sane-find-scanner, wanda ke duba ko akwai abin da ya yi kama da sikana a jone. Na biyu scanimage -L, wanda ke tambayar tafintoci ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai jin harshenta. Idan na farko ya gan ta, na biyu ya ce babu, to ka leƙa /etc/sane.d/dll.conf, nan ne jerin sunayen tafintocin da aka bari su yi aiki. Wanda aka sa wa alamar # a gabansa an rufe masa baki ne, cire alamar. Idan kuma samfurinka ba ya cikin jerin na'urorin da SANE ya iya, gaskiya ɗaya ce, canza sikana ya fi sauƙi. Shi ya sa nake ba duk mai shirin saye shawara ya tafi kasuwa da kwamfutarsa, ya jona a gaban mai kaya, ya karanta lambobin nan takwas, ya duba su kafin ya zaro ko dala. Sababbin na'urori masu haɗe da firinta da yawansu sun koma wani harshe na bai-ɗaya da ake kira eSCL, kamar yadda Hausa take a kasuwar Dole, kowa na ɗan taɓawa. Amma irin waɗanda aljihunmu ke iya saye, tsofaffi ne, kowace da yarenta.

Saura na uku. Na rubuta scanimage -L, babu. Na sa sudo a gabansa, wato na yi tambayar da sunan mai gida, sai ga ta ta fito da cikakken sunanta, genesys a gaba. Duk lokacin da ka ga haka, abu na fitowa ga mai gida yana ɓoyewa gare ka, to ba igiya ba ce, ba tafinta ba ne, izini ne.

Wannan yana da tarihi. An ƙirƙiro Unix a 1969 a Bell Labs ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie ne kan gaba, a zamanin da kwamfuta guda mutane da yawa ke rabawa. Dole aka tsara wa ke da ikon taɓa mi. Da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, shekararsa 21, sa'anmu ke nan, wannan tarbiyya ya ɗauko. A tsarin, na'ura ma fayil ce. Sikanar da ka jona tana zama wani fayil a ƙarƙashin /dev/bus/usb, da mai shi, da ƙungiyar da aka yarda ta taɓa shi. Kai da ka sayi kwamfutar da kuɗinka, idan sunanka ba ya cikin ƙungiyar, ɗan kallo ne. Na ji masu cewa wannan tsaurin banza ne a kwamfutar mutum ɗaya. Ban yarda ba. Kwamfutar wane ɗalibi ce a garin nan ta mutum ɗaya? Tawa mutum biyar ke buga aikinsu a kanta, kowa da kilensa mai ɗauke da abin da Allah kaɗai ya sani.

Maganin layi ɗaya ne: sudo usermod -aG scanner, sai sunanka. Amma fa sai ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba tsarin bai san an yi maka naɗi ba. Mutane da yawa a nan suke karaya, sun yi daidai amma ba su fita sun dawo ba. Idan duk da haka ta ƙi, sai a rubuta ƴar doka a /etc/udev/rules.d mai cewa duk na'urar da ta zo da lamba kaza da kaza, a ba ƙungiyar scanner ita, sannan a zare igiya a mayar. Abin da ban ba da shawara ba shi ne a riƙa yin kowane aiki da sudo don gudun wannan. Hotunan da ka ɗauka za su zama mallakin mai gida, gobe ka zo gyara sunansu a hana ka.

Ran na huɗu fitilar ta yi tafiyarta ta farko a ƙarƙashin takarda, da ƴar ƙararta kamar keken ɗinki daga nesa. Malam ya matso ya dubi allon. Na faɗaɗa masa wani layi har ɗigo guda ya kai girman goro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hannun mahaifinsa ne, ya gane shi daga yadda yake jan wutsiyar baƙin nun. Bai ƙara komi ba, ni ma ban tambaya ba.

Ga masu son yin irin wannan aiki, ga abin da na tsaya a kai. Da launi ake ɗauka, ko da takardar ta yi kama da baƙi da fari, saboda malamai sukan sa wasula da jar tawada, kuma gyaran da wani ya yi daga baya sau da yawa launin tawadarsa ne kaɗai ke tona shi. Ina ɗauka a ɗigo 600 cikin kowane inci, in adana a TIFF, wanda ba ya zubar da komi. Yana da nauyi, shafin A4 guda a haka ya haura mega 100, a ɗigo 300 kuwa wajen 26. Takardun Malam ba su kai A4 ba, amma duk da haka kile ɗaya ba ya isa, kuma ajiya ɗaya ba ajiya ba ce. Ina sa baƙin kati a bayan takardar don rubutun ɗaya fuskar kada ya leƙo. Murfin kuma ba a danna shi, a hankali ake saukewa, takardar da ta bushe da zafin Damagaram na shekara ɗari tana karyewa kamar ƙosasshen ganye.

Sai jeri. Tunda warwara ne kuma babu lambar shafi, abin da ke riƙe da tsarin littafi shi ne kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ni ban gyara jerin kowace gafaka ba. Yadda na tarar haka na ɗauka, na ba fayilolin lamba a haka, don yadda aka cakuɗa su ma labari ne, yana nuna abin da aka fi karantawa da abin da aka ara aka mayar ba daidai ba. Gyaran jeri a kwamfuta ake yinsa, a kan kwafi.

Akwai abin da sikana ba ta gani. Idan ka ɗaga wasu takardun ga hasken ƙofa, za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, tambarin masana'antun Italiya da takardarsu ta riƙa ratso Sahara zuwa ƙasashenmu. Yana taimakawa wajen kintatar zamanin rubutu. Amma sikana daga gaba take haskawa, tambarin kuwa sai haske ya ratso ta baya. A nan waya ta dawo da amfaninta: ƙanena ya riƙe takarda a bakin zaure, ni in ɗauka. Haka kuma hoton da sikana ta bayar hoto ne kawai, kwamfuta ba ta san akwai kalma a ciki ba. Juyawa zuwa boko da hannu nake yi, layi-layi, kuma a nan ma sai da na saita allon rubutu kafin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su samu wurin zama. Wannan wata hira ce ta daban.

A Yamai, cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami mai ɗauke da dubban takardu, aikin da ya samo tushe daga tarin Boubou Hama. Amma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma abin da ke cikin zaurukan Birni da Zango da Mirriya ba zai hau mota ya tafi can ba. Masu shi ba za su bari ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Gafaka biyu muka gama cikin mako bakwai. Ta ukun, da na miƙa hannu, Malam ya ɗora tafinsa a kai. Ya ce wannan ta laƙani ce da abubuwan da ake karɓa baki da baki, ba a ba wanda bai yi zaman karɓarsu ba, balle na'urar da za ta iya haifar kwafi dubu cikin dare ɗaya. Na ce, «Allah gafarta Malam, ko don harshen kawai, ba don abin da ke ciki ba?» Ya ce harshen da abin da ke ciki ai ba a raba su. Na so in yi gardama, ina da littattafan da zan kafa hujja da su, sai na tuna ko su ba su gama sasantawa a kan wannan ba. Ya zaro takarda shida daga ciki, wasiƙu ne da suka ɓata hanya suka shiga can, ya ba ni su na ɗauka. A ɗaya daga cikinsu wani yana gaya wa ɗan'uwansa farashin gishiri da kanwa, da Hausar da sai da na karanta wa Malam da ƙarfi sau biyu kafin ya gyara mini wasali ɗaya. Sauran ya ɗaure da igiyar fatarsu, ya tura ƙarƙashin buzu.